Haɗa Sikwensa da Kayan Kiɗa: Wa Ke Ba da Umarni, Wa Ke Riƙe Agogo



An nemi in yi bayani kan na'urar nan da ake kira sikwensa mai taku-taku, da yadda ake haɗa ta da sauran kayan kiɗa. Yawancinku ɗalibai da masu sana'ar situdiyo a kwamfuta kuka saba jera kiɗa, ko a jikin fiyano irin Yamaha PSR, wadda ta daɗe tana ɗauke da waƙoƙin finafinan Hausa. Sikwensa kuwa akwati ce mai zaman kanta, da maɓallai goma sha shida a jere a fuskarta, kowane maɓalli taku ɗaya. Fitila tana bin su daga hagu zuwa dama, in ta kai ƙarshe ta dawo farko. Takun da ka kunna, a nan sauti zai faɗa. Wanda ka bari a kashe, shiru. In ka sa gudun kiɗa a bugu 120 a minti, fitilar za ta gama zagaye cikin daƙiƙa biyu. Tsarin ya tsufa: sikwensar Moog 960 ta shekarun 1960 layi uku gare ta masu taku takwas-takwas, kuma injin gangan Roland TR-808, wanda ya fito a 1980, yana cikin waɗanda suka yaɗa jerin sha shidan nan a duniya.

Abin da ya fi rikita mai sabuwar sikwensa shi ne ita kanta ba ta fitar da sauti. Sai ka ga mutum ya jona ta kai tsaye a miksa, ya ƙure murya, bai ji komai ba, ya koma wurin mai kanti da faɗa. Aikinta ba da umarni ne kawai: wane sauti, yaushe, da wane ƙarfi. Mai yin sautin shi ne sintisaiza ko injin ganga. Saboda haka abubuwa uku ne ke tafiya a kan teburinka: umarni, lokaci, da sautin kansa. Sauti yana da wayarsa daban, daga sintisaiza zuwa miksa, daga miksa zuwa lasifika. Duk wayar da ka ɗauka, ka fara tambayar kanka wanne cikin ukun nan za ta ɗauka.

Hanyar da ta fi yawa ta aika umarni ita ce MIDI. Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan su ne kan gaba wajen samar da ita, kuma a Janairun 1983 aka haɗa Prophet-600 da Jupiter-6 a bainar jama'a, kayan kamfani biyu suka ji maganar juna. Wayar mai zagayayyen kai ce da ƙusa biyar. A bayan na'ura za ka ga kafa uku: In, Out da Thru. Waya tana fita daga Out na sikwensa ta shiga In na sintisaiza. Out da Out ba sa magana. Thru kuwa yana maimaita abin da ya shigo ta In ne, don a miƙa wa na'ura ta gaba. Ba ya fitar da abin da na'urar ta buga da kanta. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe.

Waya ɗaya tana ɗaukar tasha goma sha shida. In sikwensa tana aikawa a tasha ta 1, sintisaiza kuma tana saurare a tasha ta 2, za ka kwana kana taɓa waya a banza. Ka ba kowace na'ura tasharta: mai kauri ta 1, mai zaƙi ta 2, ganguna ta 10, domin tun tsarin General MIDI na 1991 aka ware ta 10 ga ganguna. A tsarin nan kowace ganga da lambarta: lamba 36 babbar ganga ce, 38 ƙaramar ganga mai amo. In ka danna takun babbar ganga ka ji tafi ya fito, lambobin ne ba su zo ɗaya ba, sai ka gyara a ɗaya daga cikin na'urorin. Shawarata kuma, kada ka jera fiye da na'ura uku ta Thru, don saƙon yana lalacewa a hanya. Ka sayi ɗan akwatin da ke raba MIDI gida-gida.

Akwai wani tarko a sababbin ƙananan na'urori. Saboda ƙarancin wuri sun koma amfani da ƙaramin jak irin na abin sauraro na kunne, sai a haɗo da 'yar guntuwar waya mai mayar da shi ƙusa biyar. Guntayen iri biyu ne, A da B, kuma ido ba ya bambance su. Korg iri A take bi, BeatStep Pro ta Arturia iri B. Sai a 2018 ƙungiyar masu ƙera kayan MIDI ta tsayar da A, bayan kaya sun riga sun cika kasuwa. Ranar da ka kwance kwali, ka naɗa wa guntuwar tef ka rubuta sunan na'urarta.

Yanzu ga batun da ya fi komai muhimmanci a ganina, wato agogo. A ƙungiyar makaɗan gargajiya mutum ɗaya ne ke riƙe gudun kiɗa, saura su bi hannunsa. Haka ake so a kan tebur. Kusan kowace na'ura tana da agogon cikinta. In ka sa biyu a 120 ka danna su tare, za su fara daidai, amma kafin waƙa ta yi nisa ɗaya ta ɗan zarce, ganga ta rabu da sauran kiɗa. Magani shi ne ka zaɓi ɗaya ta aika agogo, ka shiga saitin sauran ka ce su karɓa daga waje. Agogon MIDI yana aika ɗigo 24 a kowane bugu, wato ɗigo shida a kowane taku, tare da umarnin farawa da tsayawa. Na'urar da ka mayar mai bi ba za ta motsa ba ko ka danna maɓallinta, har sai shugabar ta tashi. Lafiyarta ƙalau, jira take yi.

Ba kowa ke ƙirga ɗigon nan iri ɗaya ba. Ƙananan na'urorin Korg Volca ɗigo biyu suke aikawa a bugu ta ƙaramin jak. Tsofaffin Roland irin TR-808 da TB-303 ba su da MIDI sam, suna da DIN sync, mai kai iri ɗaya da na MIDI amma ƙusoshin da ke aiki daban. Na Roland ɗigo 24 ne a bugu, na tsofaffin injinan gangan Korg 48. Duk lokacin da ka ji na'ura tana gudu ninki biyu ko tana jan ƙafa da rabi, ƙirgan nan za ka duba.

Tsohuwar hanya kafin MIDI, wadda ta dawo da ƙarfinta, ita ce aika ƙarfin lantarki kai tsaye. Waya biyu ake ja: ta CV tana faɗin tsayin sauti, ta Gate tana faɗin lokacin buɗewa da rufewa. Moog da Roland suna ƙara bolt ɗaya sauti ya hau oktaf ɗaya. Korg MS-20 ta 1978 da tsofaffin Yamaha ninka ƙarfin suke yi kafin a hau oktaf. In ka haɗa tsarin biyu, sauti zai fito, amma waƙar za ta karkace. MS-20 ɗin kuma Gate nata a juye yake, sai ta riƙa kuka inda ya kamata ta yi shiru. Sikwensa irin Korg SQ-1 ta 2015 tana iya bin kowane tsari, in ka gaya mata.

USB kuwa, na'ura biyu ba sa magana ta cikinsa sai da kwamfuta ko wani akwati mai jagoranci a tsakani, kuma yana yawan jawo ƙara a lasifika.

Sai wuta, wadda ita ce ciwon kanmu a nan. Adafta biyu suna iya zama bolt 9 duka, amma ɗaya tsakiyar bakinta tabbatacce (+) ne, ɗaya korau (-). Fedalolin Boss korau ne a tsakiya, Volca tabbatacce. Ka duba ɗan zanen da ke jikin adafta da na bayan na'ura kafin ka jona, domin kuskuren daƙiƙa ɗaya yana iya ƙone kaya. Kada ka ɗora su kan janareta ba tare da sitabilaiza ba. Lasifika ita ake kunnawa a ƙarshe, ita ake fara kashewa.

Wani zai ce taku sha shida ba ya ɗaukar kiɗanmu, kuma yana da gaskiya rabi. Kiɗa da yawa na Afirka ta Yamma a kan sha biyu yake tafiya, taku uku a kowane bugu. Yawancin sikwensa suna barin ka tsayar da zagaye a taku na 12, ka raba bugu gida uku. Ka kuma bambanta ƙarfin bugu daga taku zuwa taku, in ba haka ba kiɗan zai fito a sandare. Abin da ba za ta ba ka ba shi ne lanƙwasar muryar kalangu lokacin da makaɗi ya matse tsirkiya a hammata. Wannan ka kira makaɗi ya buga a kan abin da ka jera.

Kayan suna nan a jere kan tebur a bayan zaure, na kuma cire wayoyin da gangan. Wanda yake so ya zo ya haɗa da hannunsa, ya fara da na'ura ɗaya, sai ta yi sauti kafin ya ƙara ta biyu.