Rauni Ƙarami, Gyambo Babba: Jawabi Kan Horar Da Ma'aikatan Lafiya a Ƙasar Haɗeja



Mu da muka tashi a Kirikasamma, a cikin fadamar Kogin Haɗeja, mun san cewa arzikinmu yana cikin ruwa da laka. Masunci a Baturiya yana fama da ƙugiya da ƙayar ƙurungu, manomin shinkafa kuwa da lauje da fartanya, sau da yawa ba takalmi. Yanka ƙarami idan ya kwana cikin laka sai ya yi ruwa, ya zama gyambo, ya kwantar da magidanci har girbi ya wuce shi. Wani lokaci ma cutar tetanus, mai sandarar da muƙamuƙi, ita ke biyo baya, domin ƙwayarta tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi.

Wanda ya fara taɓa irin wannan rauni ba likita ba ne. Ma'aikacin lafiya ne na asibitin ƙauye, irin waɗanda ake horarwa a makarantar koyon aikin lafiya ta Jahun. Hannunsa ne ke raba warkewa da wahala. Saboda haka ga abin da muke ganin ya wajaba a koya masa, a kuma riƙa maimaita masa.

Na farko, wanki ya fi shafe-shafe. A wanke hannu, a wanke rauni da tafasasshen ruwa wanda ya huce, a sa gishiri giram 9 a kowace lita, a cire ƙasa da mataccen nama. Na biyu, raunin da ya ƙazantu ko ya kwana, kada a yi gaggawar ɗinke shi, domin ɗinki yana kulle ƙwayoyin cuta a ciki. Na uku, cizon kare a wanke shi da sabulu da ruwa na minti 15, sannan a tura mutum allurar rigakafi. Na huɗu, saran maciji ba a tsaga shi, ba a ɗaure shi tamau; a hana gaɓar motsi, a garzaya asibiti. Na biyar, a tambayi kowane mai rauni batun allurar tetanus. Toka, kashin shanu da baƙin man inji kuwa, a ja kunnen jama'a a kansu cikin ladabi. Tun 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya nuna cewa raunin da aka rufe da ɗan danshi ya fi wanda aka bari ya bushe saurin warkewa.

Kada wani ya ce wannan ya fi ƙarfin ƙauye. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Mutanen ƙauye aka koya wa wanke gyambon, da naɗe shi, da hana mai shi shiga tafki, tare da tace ruwan sha. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa cutar ta ƙare a ƙasar nan.

'Yan'uwa, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Gobe wasunmu ne za su zauna a ofisoshin da ake kasafta kuɗi. Idan ranar ta zo, mu tuna da horon sake wasa hannu kafin damina, da bandeji, da sabulu, da allurar tetanus a kowane asibitin ƙauye, domin in ambaliya ta yanke hanyar Haɗeja, abin da ke hannun ma'aikacin nan shi kaɗai ne gatan mai rauni.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalam.