Wanke Hannu a Asibiti: Amanar da Ake Raina Ta

  

Ya 'yan'uwa, duk wanda ya taɓa jinya a Babban Asibitin Kazaure ko na Babura, ko ya kawo maras lafiya daga ƙauyukan Roni da Gwiwa, ya san hannu nawa ke taɓa mutum guda a yini: na likita, na nas, na mai jinya, da na 'yan dubiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2022 cewa a ƙasashe irin namu, 15 cikin marasa lafiya 100 kan kamu da sabuwar cuta a asibiti, kuma hannu na cikin manyan hanyoyinta.

Wannan ilmi daɗaɗɗe ne. A 1847, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, likita Semmelweis ya wajabta wanke hannu da ruwan kulorin kafin taɓa masu haihuwa, sai mace-macensu ya sauko daga kusan kashi 18 cikin 100 zuwa wajen 2. Amma abokan aikinsa da yawa suka ƙi, domin maganar tana nufin hannunsu ke kisa. Girman kai ya rufe ido.

Ashe matsalar tana ga halin ɗan Adam: gajiyar ma'aikaci ɗaya a kan gadaje masu yawa, nisan famfo, ƙarewar sabulu, da nauyin bakin ƙarami ya tuna wa babba. Safar hannu kuwa ba ta ɗauke wanki, alwala ma ba ta maye gurbin sabulu.

Saboda haka a ajiye abin wanki gefen kowane gado. Sabulu da ruwa daƙiƙa 40 zuwa 60 ne, man goge hannu 20 zuwa 30. Masu shakka kan sinadarin alkohol da ke cikinsa su sani Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta halatta amfani da shi a fata don kashe ƙwayoyin cuta a 2002.

Masu jinya, ku bar tsoma hannu cikin kwano guda. A zuba da buta. Mawadata, sabulu da tankin ruwa ga asibiti sadaka ce. Wanda aka tuna wa ya gode, domin rai amana ne, kuma za a tambaye mu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.