Tallafin Annoba da Manomin Samaru



Sa'ad da annobar korona ta sa Gwamnatin Jihar Kaduna ta kulle jama'a a gidajensu a watan Maris na 2020, har kasuwar Sabon Gari ta yi tsit, masu kiwon kaji a Samaru da Shika suka rasa inda za su kai ƙwai, sai Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 ta hannun bankin NIRSAL domin a agaza wa magidanta da masu ƙananan sana'o'i, manoma da makiyaya a cikinsu.

Niyya ce kyakkyawa, babu shakka. Amma da yake ta intanet ake neman kuɗin, kuma sai mai asusun banki da lambar BVN, manomin da ke noma daura da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wanda jarinsa duka garma ce da buhun masara, da Bafulatanin da ke ruga, sai dai suka ji labari a rediyo. Waɗanda suka samu kuwa, da yawansu sun ɗauka sadaka ce, alhali rance ne mai ruwa kashi 5 cikin 100 a lokacin, wanda alhakinsa ke wuyansu, sai ranar da banki ya zo neman haƙƙinsa suka farga.