Tiyatar Gyaran Hanci: Ado Ko Magani?

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai da matasan ma'aikata lokacin hutu, a unguwar Ƙofar Sauri, birnin Katsina



Mun lura cewa da aka faɗi kan maganar da za mu yi yau, akwai waɗanda suka yi murmushi, watakila suna cewa a ransu ashe 'yan jami'a sun rasa abin tattaunawa sai hanci. Muna roƙo a ba mu aron kunne na ɗan lokaci. Hausawa sun ce abin da ya taɓa hanci shi ke sa ido ruwa, kuma muna fata kafin mu zauna za a ga cewa wannan magana ta shafi unguwar nan da muke cikinta fiye da yadda ake zato.

Ba yau Bahaushe ya fara kula da hanci ba. In ana yabon kyan budurwa akan ce tana da dogon hanci har baka, ungozoma kuwa in tana wankan jariri takan riƙa ja masa karan hanci da ruwan ɗumi, wai don ya miƙe. Abin da zamani ya ƙaro mana shi ne wayar hannu, wadda ke tace hoton mutum ta sirance masa hanci kafin ya aika wa abokai, da kuma tallace-tallacen asibitocin Turkiyya da wasu ƙasashe da ke nuna fuska kafin aiki da bayansa. A ɗakunan kwananmu mun sha jin ana hirar abin, wasu cikin raha, wasu kuwa da gaske suke. Saboda haka ya kamata mu san asalin wannan aiki, da yadda ake yin sa, da kuma wanda ya fi bukatarsa.

Asalin gyaran hanci magani ne. A ƙasar Indiya ta dā akan hukunta mai laifi da yanke hanci, kuma tsohon littafin likitancin da ake jingina wa wani masani mai suna Sushruta ya bayyana yadda ake auna gurbin da ganye, a yanko fatar kunci daidai da shi a rufe. Daga baya Indiyawa suka koma ɗebo fatar daga goshi. A Italiya, likita Gaspare Tagliacozzi ya wallafa littafi a 1597 kan yin hanci da fatar damtse. A 1794 wata mujalla ta Landan ta ba da labarin dabarar Indiyawa, a 1814 kuma Joseph Carpue ya gwada ta a Ingila ya ci nasara. Yaƙin Duniya na Farko ya daɗa bunƙasa fannin, domin Harold Gillies ya yi ta gyaran fuskokin sojojin da harsashi ya lalata, a wani asibiti da aka buɗe domin haka a Ingila a 1917. Gyara don ado kuwa a baya ya zo: John Roe a Amurka a 1887, da Jacques Joseph a Jamus a 1898, su ne aka fi sani da fara rage hanci mai lafiya don mai shi ya ji daɗin fuskarsa.

To, yaya ake aikin na ado? Galibi sai an sa mutum barci. Likita ya tsaga ta cikin kafafen hanci, wani lokaci har da 'yar fatar da ke tsakaninsu, ya ɗaga fata, ya kankare ƙashi ko ya karya shi ya sake jera shi, ya rage guringuntsi ko ya ƙara wani da ya ɗebo daga kunne ko haƙarƙari. Abin da mai talla ba ya son daɗewa a kansa shi ne jinya. Za a ɗora wa hancin wata 'yar roba mai tauri, kamar yadda maɗori ke sa kara, ta yi kamar mako guda. Ƙasan idanu yakan kumbura ya yi baƙi har wajen mako biyu. Mutum zai kwana da kai a tashe, yana numfashi ta baki. Za a hana shi fyace hanci, da ɗora tabarau, da wasan ƙwallo, na wasu makonni. Mu nan sai mu ƙara da namu: ƙurar hunturu, da shaƙa ruwa wajen alwala, da kai hanci ƙasa wajen sujada, duk sai an yi lalama da su. Kumburin kan hanci kuwa yakan kai shekara guda bai gama saɓewa ba, watau sai bayan shekara mutum zai san ainihin abin da ya saya da kuɗinsa. Akwai haɗarin haɓo, da ruɓewar ciwo, da toshewar numfashi, kuma ba kaɗan ba ne ke komawa a sake musu aiki na biyu, wanda ya fi na farko wuya. Mafi muni shi ne allurar cike hanci da wasu marasa ilmin likita ke yi a shaguna, domin in ruwan ya shiga jijiyar jini yana iya kashe fatar wurin, har ma ya makantar.

Malamanmu sun rarrabe tsakanin kawar da lahani da sauya halitta. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito labarin Sahabi Arfajatu ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce shi ya sa na zinariya. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta bi wannan hanya: ta halatta gyaran abin da ciwo ko haɗari ko haihuwa ya ɓata, ta hana sauya lafiyayyar halitta don son zuciya ko kwaikwayon wasu.

Jama'a, a nan ne maganar ta dawo gida. Akwai wata cuta da likitoci ke kira noma, mutanenmu kuwa suna ce mata zaizayar baki, wasu su ce ciwon iska. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda tamowa ta raunana, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Takan fara da kumburin dasashi da zubar jini da warin baki, sai kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki nama ya mutu ya zube, ta ci leɓe da kunci da hanci har ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 1998 cewa yara 140,000 ke kamuwa da ita kowace shekara, kuma in ba a yi magani ba tara cikin goma ba sa rayuwa. Wanda ya tsira sau da yawa muƙamuƙinsa kan ƙage, ci da magana su zame masa wahala, a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki, makaranta ta gagare shi, in ya girma aure ya gagare shi. Alhali kuwa cutar ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma ba aikin iska ba ce. In an gan ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita.

A Sakkwato akwai asibitin yara masu wannan cuta, wanda aka kafa a 1999, kuma tun 2014 ƙungiyar likitocin nan ta MSF, da ake kira na gari na kowa, take taimaka masa, ana yin aiki kyauta. A can ana amfani da irin dabarar nan ta Indiyawa: a yanko fatar goshi ba tare da an raba ta da jijiyar da ke ba ta jini ba, a juyo ta a ɗinka a gurbin hanci, a bar ta kamar mako uku har ta kama, sa'an nan a koma a yanke gindinta. Ba a fara aiki sai ciwon ya warke sarai kuma yaron ya murmure, sau da yawa kuma sai an shiga tiyata sau biyu ko uku ko fiye, a bi da motsa muƙamuƙi kullum na watanni don kada ya sake ƙagewa. Ku kwatanta wannan jinya da wadda muka ambata ɗazu. Nijeriya ce ta jagoranci ƙasashen da suka nemi a sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a watan Disamba na 2023.

Mene ne haɗin wannan da Ƙofar Sauri? Tushen cutar tamowa ce, kuma mu shaidu ne. MSF ta fara aiki a Jihar Katsina a 2021, ta buɗe wurin kwantar da yara masu tamowa a nan unguwar, kuma da yawanmu mun ga iyaye mata da goyo suna tururuwa zuwa can, har da waɗanda suka tsallako daga Jamhuriyar Nijar. A watan Yuli na 2025 ƙungiyar ta ba da sanarwa cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar nan cikin watanni shida na farkon shekarar. Duk yaron da aka ceto daga tamowa, an rage masa haɗarin rasa fuskarsa. Ashe rigakafin aikin da ake yi a Sakkwato a ƙofar gidanmu yake.

Saboda haka muna da kira guda uku. Na farko ga 'yan'uwanmu ɗalibai: in mun koma garuruwanmu da ƙauyukanmu, mu koya wa iyayenmu mata su riƙa buɗe bakin yaro suna dubawa, musamman wanda ya tashi daga ƙyanda, in an ga dasashi na jini ko kunci ya kumbura a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya turare da shafe-shafe. Mu kuma tsaya a kan allurar rigakafin ƙyanda. Na biyu ga masu karatun likita a cikinmu: kuɗi yana wajen gyaran ado, bukata kuwa tana wajen gyaran lahani, kuma ba daidai ba ne a ce kullum sai mun jira baƙi sun zo daga ƙetare su ɗinke fuskokin ƙannenmu. Na uku ga yayyenmu ma'aikata, da mu da za mu bi sahunku gobe. Ba banza ba harshenmu ya kira rashawa cin hanci. Duk wanda ya karkatar da abincin masu tamowa zuwa kasuwa, ko ya danne takardar kuɗin rigakafi a teburinsa sai an ba shi wani abu, ya sani cewa akwai hancin wani yaro a cikin abin da ya ci.

Ga wanda kuma madubi ke damunsa, ba mu zo yi masa dariya ba, domin gori yana da ciwo, kuma mu ne muke yi wa juna shi a makaranta. In numfashi ne ya toshe, ko haɗari ya karkatar da hancin, ya nemi ƙwararren likitan kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa, ya yi tambaya a kan jinya kafin ya yi tambaya a kan farashi. In kuwa hancin lafiya lau yake, yana shaƙar iska yana jin ƙanshi, to ya gode wa Allah, ya tuna da waɗanda ke jiran layi a Sakkwato.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu amfani jama'armu da ilmin da muke nema.