Jawabi ga makiyaya a kan kiwon alfaka

 

Tun shekarar 2024, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin raƙumi da danginsa, samarinmu ke ta nuna mana hoton wata dabba cikin wayoyinsu, suna tambaya ko akwai riba a kiwonta. Har mun ji wani yana cewa zai saida awakin uwarsa ya nemo ta. Shi ya sa muka ga gara a yi maganar gaban kowa.

Sunanta alfaka. Ƴar uwar raƙumi ce, amma ba ta da tozo, kuma girmanta bai wuce na babban rago da yawa ba, sai dogon wuya. Gidanta tsaunukan Andes ne, a Amurka ta Kudu. Ƙasar Peru ce ke da mafi yawansu, wajen miliyan 4, galibi a jihar Puno, sai Bolibiya ta bi mata. Can a ke kiwonsu a tudu mai tsawon mita 4,000, inda ruwa ke daskarewa da dare. Iri biyu ne: wakaya mai gashi cunkus kamar auduga, ita ce ta fi yawa, da suri mai gashi zaro-zaro.

To, wanda zai fara kiwon, me ya kamata ya sani? Ba a ajiye guda ɗaya, don dabbar garke ce, kaɗaici na sa ta rame. Masu kiwon sun ce a fara da uku ko fiye. Ciki wata goma sha ɗaya da rabi ne, ɗa guda, tagwaye kuwa da wuya. Ke nan garke ba ya yaɗuwa da sauri irin na awaki. Ga kuma abin da zai ba iyayenmu mata mamaki: ba a tatsar ta. Babu nono, babu mai, ba ta kuma ɗaukar kaya. Amfaninta gashi ne, a aske sau ɗaya a shekara a samu kilo biyu zuwa uku, sai nama da su ke shanyawa kamar kilishi. Ƙazwa na damunta, gudawa da sanyi na kashe ƴaƴan.

Ku dubi lissafin da kyau. Mutum ya yi shekara guda yana bin dabba, kuɗinsa na zuwa rana ɗaya, ranar aski. Masaƙun da ke sarrafa gashin suna birnin Arekipa, makiyayi yana can bisa dutse, tsakaninsu dillalai ne jere. Dillali ya zo ya auna da laba, ya haɗa mai laushi da mai kaushi ya saya kuɗi ɗaya, wani lokaci ma ya riga ya ba da bashi tun kafin aski. Wannan labari ai mun san shi, sunan kasuwar kawai ya sake. Da masaƙu suka fi son farin gashi saboda yana karɓar rini, makiyaya suka yi ta rage masu launi, har baƙaƙe suka yi ƙaranci. Waɗanda suka ɗan farfaɗo su ne suka haɗa kai cikin ƙungiya, suka koyi ware gashi daraja-daraja, suka saida a dunƙule.

Maganar ƙasa ma ba ta bar su ba. Kafin 1969 manyan makiyayu na hannun masu dukiya, makiyayi bara ne kawai. A shekarar ne gwamnatin Janar Belasko ta karɓe filayen, amma ta damƙa su ga manyan kamfanonin haɗin gwiwa, sai da ƙauyukan Puno suka yi ta gwagwarmaya cikin shekarun 1980 kafin a fara raba masu. Da rani kuwa rayuwar garke na rataye ga wasu fadamu da ƙanƙarar tsauni ke shayarwa, ƙanƙarar kuma tana ta raguwa.

Samari, hotunan da ku ke gani yawancinsu na Amurka da Turai ne. An fara kai alfaka Amurka a 1984, aka rufe rajistar waɗanda a ke shigowa da su a 1998, kuɗin mace guda ya haura dala 20,000. Amma ribar ta saida wa sabon shiga ce, gashin bai ko biyan kuɗin ciyawa da likita. Daga 2008 kasuwar ta faɗi, wasu har kyauta suka riƙa ba da dabbobinsu.

A nan wajenmu, inda zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, dabba mai wannan bargo a jiki ba za ta kai damina ba. Babu masaƙar da za ta sayi gashin, babu namijin da za a sake iri da shi. Don haka ƙungiya ba ta goyon bayan kowa ya taɓa akuya ko tunkiya saboda ita, kuma duk wanda aka zo masa da tayin saye ta waya, ya sanar da ardonsa kafin ya tura ko dala.

Bayan sallar azahar za mu koma kan batun burtali da rijiyoyi.