Amsoshin Wasiƙunku: Me Ya Sa Ɓawon Rogo Ya Kashe Awaki?

Wasiƙarmu ta yau daga wani manomi ce a ƙasar Karaye. Ya ce awakinsa biyu sun ci ɗanyen ɓawon rogo, kafin la'asar sun mutu, alhali shi da iyalinsa kullum suna cin rogo ba abin da ya same su. Shin sammu ne?

To malam, ba sammu ba ne. Rogo, wato na ci, ba garin maƙwabtanku ba, yana ɗauke da dafi da likitoci ke kira sayanaid. Ya fi yawa a ɓawo da ganye, da kuma rogo mai ɗaci, musamman a shekarar fari.

Allah cikin ikonSa ya sanya wa jikin mutum da na dabba wasu ƙananan ma'aikata da ake kira enzayim. Wasunsu aikinsu shara ne: jiki na ƙona abinci, su kuma suna kwashe gubar da ta rage. Akwai ɗaya a hanta mai suna rodanis. Shi ne ke kama dafin rogo, ya haɗa shi da sinadarin farar wuta, ya mai da shi abin da zai fita cikin fitsari. Farar wutar nan kuwa daga wake, gyaɗa, ƙwai, kifi da nama jiki ke samunta.

Sai dai fa ma'aikacin nan yana da iyaka. Ku kun fere, kun dafa, dafin ya ragu, hanta ta iya da sauran. Awakin kuwa sun cika ciki da ɗanyen ɓawo a lokaci guda, aiki ya fi ƙarfinta. Haka tohon dawa bayan girbi yake yi wa shanu.

Kada a ce mutum ya tsira. A 1981, lokacin fari a arewacin Mozambik, mutane fiye da 1,000 ƙafafunsu suka shanye saboda dogaro da rogo mai ɗaci da ba a sarrafa sosai ba.

Saboda haka rogo mai ɗaci a fere shi, a jiƙa kwana 3 zuwa 4, a zubar da ruwan, a shanya. Ɓawon ma sai ya bushe ƙayau a rana kafin a ba dabba. Yaron da ya ci rogo ya kama amai da jiri, yana numfashi sama-sama, a garzaya da shi asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.