Yaron da Ya Daina Fitsarin Kwance, Sai Kuma Ya Dawo

Minti goma aka ba ni, ga ƙamshin shinkafa yana tasowa, to ba zan ja ku da nisa ba.

Yaron da bai kai shekara 5 ba kuma bai taɓa daina fitsarin kwance ba, a yi masa haƙuri, girma ne maganinsa. Maganata a kan wanda ya yi wata 6 ko fiye shimfiɗarsa a bushe ne, kwatsam ya dawo. Wannan akwai dalili, kuma ba ƙiwuya ba ce.

A fara duba ciki. Idan bayan gida ya yi tauri, hanji ya cika, sai ya danne mafitsara ta kasa riƙe fitsari. Akwai ciwon sanyi, ya fi kama 'yan mata: zafi wajen fitsari, wani lokaci da zazzaɓi. Yaran da ke wanka a kududdufi ko rafi kuwa, a duba ko jini na fita a ƙarshen fitsari. Tsargiya ke nan, kuma maganinta na asibiti. Mai sikila ma ƙodarsa ba ta iya rage ruwa da dare.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne ciwon suga. Wallahi yara ma suna yi. Yaro yana ta shan ruwa ba ya ƙoshi, fitsari dare da rana, yana ci yana ramewa. Kada a ce a bari sai an karɓi adashi. A ranar za a kai shi, don jinkirin kwanaki kan kai yaro ga suma, har a rasa shi. Gwajin ɗigon jini ne daga yatsa.

Sai damuwa. An yi masa ƙani, an kai shi riƙo, aure ya mutu, rigima kullum a tsakar gida. Ko kuma, Allah Ya tsare, wani yana taɓa yarinya ta kasa faɗa. Duka, da sa yara su bi shi suna kiransa amalala, tsoro kawai suke ƙarawa. A ja shi ɗaki a tambaye shi a hankali, ba a gaban kishiya ko baƙi ba.

Mai tambayar da take jin kunya ta same ni bayan an ci abinci.